Darasi A Kan Tayoyin Amalanken Jirgin Ruwa: Yaushe Ya Kamata A Sake Su?

Wannan darasi an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, musamman na gundumomin da ke bakin Kwara da Binuwai, da fadamun Haɗeja, da kewayen manyan madatsan ruwa irin su Kainji da Tiga da Goronyo. Ba kowane jirgi ne ke kwana a ruwa ba. Wanda hukuma ta ajiye don ranar ambaliya ko ƙetarar da majinyaci, akan ɗora shi bisa amalanken ƙarfe mai ƙafa biyu, wanda direbobi ke kira tirela, a ɗaura wa mota ta ja shi zuwa bakin gulbi.

A 2012 da 2022 ruwa ya ci Lakwaja har ya yanke hanyar Abuja. A watan Satumba na 2024 kuwa madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. A irin wannan rana, in taya ta fashe a hanya, jirgi ya zama ba shi da amfani kome lafiyar injinsa, alhali mutane na can bisa rufin ɗaki suna jira.

Abin Da Ke Kashe Tayar Amalanke

Tayar mota tafiya ce ke cinye ta. Zanenta yana suɗewa a hankali, kowa kuwa yana gani. Ta amalanken jirgi ba haka take ba, gama mai yiwuwa ne shekara ta zagayo ba ta yi doguwar tafiya ba. Zanenta na nan raɗau kamar sabuwa, amma tsufa ya riga ya ci ta.

Dalili kuwa shi ne, roba tana bushewa. Iska da hasken rana suna ƙeƙasar da ita, zafi kuma yana gaggauta wannan aiki, ga shi a ƙasar nan zafin bazara yakan wuce awo 40. Masu ƙera taya suna cuɗa wani irin kaki da magunguna cikin robar don su kare ta, amma sai taya tana birgima suke fitowa su lulluɓe bayanta. Wadda aka bari wuri guda wata da watanni ba ta samun wannan kariya sosai. Banda haka, nauyin jirgi yana danne gefe guda har ya lotsa. Sa'an nan ruwa yakan bi ta tsaguwa ya kai ga wayoyin ƙarfe da ke ciki, su yi tsatsa, roba ta rabu da su. Saboda haka ido kaɗai ba ya isa shaida a nan. Shekaru ake ƙirgawa.

Shekara Nawa?

Masu sana'ar amalanken jirgi a ƙasashen waje sukan ba da shawarar a sake taya tsakanin shekara 3 zuwa 5, kome kyan zanenta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta sha gargaɗin direbobi cewa shekara 4 ne wa'adin taya, daga ranar da aka ƙera ta. In aka dubi zafin ƙasar nan da halin hanyoyin karkara, abin da ya fi dacewa ga gunduma shi ne ta riƙe shekara 4 ɗin, kada ta ƙetare. A lura, daga ranar ƙira ake ƙidaya, ba daga ranar saye ba, gama taya tana tsufa ko da tana jingine a kanti.

Yadda Ake Karanta Shekarun Taya

A gefen taya akwai jerin haruffa da lambobi da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne abin nema. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, in an ga 3623, watau an ƙera tayar a mako na 36 na shekarar 2023, farkon Satumba ke nan. Wa'adinta zai cika a Satumba na 2027, tsakiyar lokacin ambaliya, don haka sai a sake ta tun bazarar wannan shekara. Sau da yawa gefe guda kaɗai ake buga lambar cikakkiya, in ba a gan ta a waje ba sai a leƙa ta ciki. Tayar da lambarta ta ƙare da uku maimakon huɗu, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta da sauran aiki. Wadda aka kankare lambarta kuwa, kada a saya.

Alamun Da Ba A Jira Wa'adi

Tilas ne a cire taya nan take in an ga ɗayan waɗannan:

1. Tsattsagewa a gefe ko cikin ramukan zane, kamar faso a diddige.
2. Kumburi ko ƙulu, alamar zaren ciki ya tsinke.
3. Waya ta leƙo, ko zurfin zane ya gaza milimita 1.6.
4. Iska na zurarewa a kai a kai ba tare da an ga ƙusa ba.

In za a sake, a sake duka biyun tare, iri ɗaya, girma ɗaya. Safaya ma wa'adinta ɗaya da sauran, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Tayar gwanjo kuwa, yawanci ta cinye shekarunta a wata ƙasa kafin ta iso. Araha ba ta ado.

Kiyayewa Kafin Wa'adi Ya Cika

A auna iska kowane wata, da kuma kafin kowace tafiya, da safe tun taya na da sanyi. Tayar amalanke takan bukaci iska fiye da ta ƙaramar mota, sau da yawa awo 50 ko fiye, don haka a nuna wa mai faci abin da ke rubuce a gefenta, kada ya sa yadda ya saba. Ƙarancin iska ke sa taya zafi, zafi kuwa ke fasa ta. Nauyin da za ta iya ɗauka shi ma yana rubuce. A haɗa na jirgi da inji da mai da amalanken kansa, a ga bai wuce ƙarfin tayoyin biyu ba.

A ajiye amalanke cikin rumfa, ko a rufe tayoyin da buhu. In zai daɗe, a ɗaga shi da jak a tokare da gungume, tayoyi su huta. In an iso bakin ruwa kuma akwai hali, a ɗan dakata ƙafafun su huce, gama ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan tsotso ruwa cikin boris, ya ɓata giris.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafin kayan gunduma, ya rubuta lambar kowace taya, da ranar saye, da watan da wa'adinta zai cika, da ranar da aka auna iska. Hakimi kuwa ya sa rana guda cikin watan Afrilu ko Mayu, ya tara direba da Sarkin Jirgi, a fito da amalanke a duba a gabansa, ya sa hannu a littafin. In akwai tayar da wa'adinta ke cika cikin shekara mai zuwa, a aika wa Ƙaramar Hukuma da takarda tun ana shirya kasafin kuɗi, don kada damina ta tarar ana jiran amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyashe mu da sharrin ruwa, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.