Nasiha ga Baƙon Jamus Kafin Ya Hau Dutse

Duk shekara, idan watan Agusta ya raba tsakiya, zafin Bavariya ya fara sassautawa, yini kuma yana ta raguwa, sai ka ji 'yan'uwanmu sababbin zuwa, ɗalibai da ma'aikata, suna kiran juna a waya a kan a haɗu a je a hau Zugspitze, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar Jamus, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,962. Ban ga aibi a wannan niyya ba, domin mutumin da ya shekara tsakanin wurin aiki da ɗakin haya yana da haƙƙin ya fita ya ga ikon Allah da idonsa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne irin fitar da ake yi, da takalmin zuwa Juma'a da gorar ruwa guda, sai ka ce Dala za a hau a sauko kafin la'asar.

Batun jirgin ƙasa daga Munik zuwa Garmisch-Partenkirchen, da kuɗin tikiti, da irin takalmi da rigar sanyin da suka dace, duk wannan wayar da ke aljihunka ta fi ni saninsa. Ka riƙe dai cewa hanyar Reintal, wadda ke bi ta kwazazzabon Partnach, ta kai kimanin kilomita 20, hawanta ya zarce mita 2,000, har mutane da yawa sukan raba ta kwana biyu; kuma a ƙarshen bazara hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar, saboda haka mai hankali da asuba yake kama hanya. Lambar neman agaji ita ce 112.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne iyaka. Dutsen nan rabinsa na Jamus ne, rabinsa na Ostiriya, alhali kuwa babu shinge mai tsoratarwa, babu soja, babu mai cewa ka tsaya. A bayan masaukin Knorrhütte akwai wata hanya da ke ratsa wani ɗan matsatsi da ake kira Gatterl, inda ba ka ganin kome sai allo da duwatsu da kashin tumaki, amma da zarar ka wuce wurin ka fita daga ƙasar da ta ba ka izinin zama, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. A shekarar da abin ya same ni, katin zamana ya ƙare, na kuwa miƙa takardun sabuntawa tun kafin wa'adi, sai ofishin baƙi na garinmu ya aiko mini da saƙon imel cewa sun karɓa, in jira a kira ni, zamana halal ne kafin nan. Maganarsu gaskiya ce, amma gaskiyar da ta tsaya a cikin Jamus. Ranar da muka hau, da hadari ya haɗu, jagoranmu ya ga hanyar Gatterl zuwa Ehrwald ta fi kusa da komawa ta Reintal, muka bi ta, muka sauka lafiya, muka shiga jirgin da ke komawa Garmisch da magariba. A nan ne 'yan sanda biyu suka shigo suna duba takardu, na miƙa fasfo da matacen kati da waya mai ɗauke da saƙon nan, babban cikinsu ya karanta a tsanake, ya mayar mini da wayar, ya ce cikin ladabin da ya fi zagi ciwo in ɗauko jakata. Na kwashe daren a kan benci, ƙafafuna suna zogi cikin jiƙaƙƙiyar safa, ana buga waya ofisoshin da suka riga suka tashi. Kuma bayan an sake ni, maganar ta zauna a fayil ɗina, sai da na yi ta bayaninta a rubuce.

Ga hukuncin, don kada ya ci wani. Yarjejeniyar Schengen ba ta ɗauke maka wajibcin riƙe fasfo da katin zama mai rai ba, kuma Jamus tana binciken iyakarta da Ostiriya tun watan Satumba na 2015, sa'an nan a Satumba na 2024 ta faɗaɗa binciken zuwa dukan iyakokinta na tudu. Wanda katinsa ya ƙare yana jiran sabo, lalle ne ya matsa a ba shi takardar Fiktion ta zahiri, ya kuma duba akwatin da aka yi wa alama: idan sakin layi na 4 ne na sashe na 81 na dokar zama, yana iya fita ya dawo da ita tare da fasfonsa, idan na 3 ne, ba ta ba shi ikon komowa ba. Mai Duldung kuwa, wato takardar jinkirta kora, fitarsa daga ƙasar ita ce mutuwar takardarsa, haka nan mai jiran hukuncin neman mafaka ba shi da hurumin tsallakawa. Ka kuma sani cewa inshorar lafiyarka ba lalle ta biya kuɗin jirgi mai saukar ungulu ba idan aka ɗauko ka daga ɓangaren Ostiriya, shi ya sa masu yawan hawa suke shiga ƙungiyar masu hawa dutse ta DAV, wadda aka kafa a 1869, domin rajistarta tana tafe da inshorar ceto.

Saura batun mutunci, wanda ba a ba da shi a ofis. Mutanen nan da ba sa ko kallonka a tashar Munik, a kan dutse za su gaishe ka da Servus ko Grüß Gott, kuma rashin amsawa ƙauyanci ne da bai dace da ɗan gidan da aka koya masa gaisuwa tun yana goye ba. Kada ka kunna waƙa a lasifika, domin shiru suka zo nema. Ɓawon ayaba da ledar biskit amana ne a wuyanka har ka sauko da su. Shanun da ke kiwo da ƙararrawa a wuya, musamman mai ɗan maraƙi, ka ba su hanya, ka bar ɗaukar hoto da su don Facebook, wanda galibinsa riya ce. A masauki ka tambayi abin da ke cikin miya ba tare da yamutsa fuska ba, har zabibin da ke cikin abincin zaƙin nan Kaiserschmarrn, domin wasu da giya suke jiƙa shi. Ka kuma tafi da tsabar kuɗi. Idan lokacin salla ya yi, ka ratse gefe, ka yi ƙasarunka cikin natsuwa, ba a tsakiyar turba ba, ba kuma a ɓoye kamar mai laifi ba. Ban taɓa ganin wanda ya yi haka aka tsangwame shi ba.

Kai kuma da ka riga su zuwa, kake jan ayari, nauyin ya fi yawa a kanka. Tun a daren jajiberen tafiya ka buɗe taswira ka ga inda layin iyaka ya bi, ka tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya wace takarda ke hannunsa, ko da tambayar za ta yi masa nauyi. Wanda tasa ba ta cika ba, ku tsaya da shi a tafkin Eibsee, ko ku juyo tun daga masaukin Reintalangerhütte. Don Allah kada ku bi da shi ta Gatterl.