Hatsi a ƙofar gida, biskit a jakar makaranta: darasi daga Dawanau

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Dawanau, ko da ta tagar mota ce. Da ka wuce Kurna da Bachirawa da Miltara, za ka fara ganin tireloli jere, buhuna jibge kamar tsauni, leburori na kai da kawo. Kasuwar tana ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, an kafa ta a 1985, kuma ana lissafa ta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero, dawa, masara, wake, waken soya, gyaɗa, riɗi, zoɓo, babu wanda ba ka samu, kuma daga nan ake lodinsu zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, wasu har ƙetaren teku. A wannan yanki na tashi. Abin da ke ɗaure mini kai tun da na fara karatun abinci da gina jiki shi ne, a garin da hatsi ke zube a bakin titi, yara da yawa da biskit da lemon roba suke karya kumallo.

Ba lalaci ba ne ya jawo haka, kada mu ɗora wa iyaye laifin da ba nasu ba. Maigida dillali ne ko mai awo ko direba, da an sallame asuba ya fita, sai bayan isha'i. Uwargida wata malamar makaranta ce da za ta kama mota zuwa cikin gari, wata kuma tana zuwa aikin tsintar riɗi ko gyaran zoɓo a rumbunan 'yan kasuwa. Yara boko da safe, Islamiyya da yamma. Gas ya yi tsada, gawayi ma haka, wutar lantarki kuwa ba a maganarta. To a irin wannan gida, abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro kuɗin tara a ce ya sayi wani abu a hanya, da daddare kuma a ɗora Indomie, minti biyar an sauke.

Na san wani zai ce, ɗan'uwa, a Kanon da yara ke fama da tamowa kake mana zancen ƙiba? Tambayar tana kan hanya. Binciken lafiya da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a Kano abin ya haura rabi. Masu nauyin da ya wuce ƙima kashi 2 ne kacal. Saboda haka yunwa ce babbar matsalarmu, babu ja. Sai dai matsalolin biyu ba kishiyoyi ba ne, uwarsu ɗaya. Abincin da ke cika ciki da sikari da fulawa da mai, amma babu sinadaran gina jiki a cikinsa, shi ne ke barin ƙaramin yaro a tsumbure, shi ne kuma ke sa yayansa ya yi teɓa. Har ila yau, yaron da ya sha wahalar rashin abinci a shekarunsa na farko, jikinsa kan saba da ɓoye kitse, idan ya girma ya samu wadata sai ƙiba da ciwon sikari da hawan jini su fi saurin kama shi. Shi ya sa za ka shiga gida ɗaya ka tarar da uwa mai jiki, jariri ramamme, ɗan shekara goma kuma da tumbi.

A duniya kuwa abin ya riga ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 160 daga ciki sun kai matakin ƙiba sosai. A 1990 kashi 8 cikin 100 ne, a 2022 ya kai kashi 20. Ƙasashen da abin ya ci wa tuwo a ƙwarya ta wannan hanyar da muke bi suka fara.

Bari mu yi lissafi, tunda mu 'yan kwaleji ne. Yawancin lemukan kwalba na ɗauke da sikari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar da muke sha mai santilita 50 tana da wajen giram 50 ke nan. Cokalin shayi ɗaya na cin giram 4, don haka roba ɗaya ta kai cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sikarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, in so samu ne ma ya tsaya a kashi 5, wanda ga babban mutum ya kama wajen giram 25, cokali 6. Wannan fa na babba ne. Yaro ɗan firamare da ya shanye roba ɗaya a lokacin tara ya ninka kason mahaifinsa, ba a ma zo ga shayin safe da alawa ba. Wace uwa ce za ta zauna ta ɗebo sikari cokali 12 ta ba ɗanta ya lasa? Amma idan ya zo a narke cikin ruwan sanyi, sai mu ce gata ne. Ga shi kuma ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa, yaro zai sha ya nemi abinci kamar bai sha komai ba. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. A roba ɗaya naira 5 ke nan. A ganina wannan ba zai hana ko ɗan firamare saye ba.

Kuma kada wani ya ce shi zoɓo da kunun aya yake ba nasa yaran, don haka ya tsira. Zoɓo a karan kansa lafiya ƙalau ne, amma wanda ake ƙullawa a leda, je ka ga yadda ake zazzaga masa sikari da kayan ƙamshi na kanti. Idan a gida aka yi, a rage zaƙin kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya ba. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Abin da na fi son mu tsaya a kansa shi ne karin kumallo, domin nan ne gidan da ba shi da lokaci ke faɗuwa. Akwai garin kunu da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown: gero ko dawa ko masara awo shida, waken soya awo uku, gyaɗa awo ɗaya. A gyara kowanne, a soya sama-sama ba da mai ba, a cire ɓawon waken soya, a haɗa a kai inji. Aikin yini guda ne, ranar da babu fita, amma garin zai yi makonni a mazubi mai murfi, ba ya neman firji. Da safe a dama a dafa, minti goma an gama. Hatsin ya ba da ƙarfi, waken soya da gyaɗa sun kawo sinadarin gina jiki, kuma yana riƙe ciki har azahar. Duk kayan nan uku a Dawanau suke, a farashin da mutumin Legas zai yi mafarkinsa. Abu ɗaya dai, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, domin tana ɗauke da guba mai illa ga hanta, wadda suya ba ta kashewa.

Sai maganar surfe. Mun saba tuwo sai ya yi fari tas yake burge mu, a surfe hatsi sau biyu, a ba akuya dusa. A cikin dusar nan ne harza da wasu sinadarai suke, su ne ke sa abinci ya narke a hankali, sikari bai hau jini da gudu ba. Ban ce a ci tuwo da ƙaiƙayi ba, amma a sassauta surfen. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ɗanwake, alale, fate da ganye, fura da nono marar sikari, waɗannan da muke rainawa muna ce musu abincin ƙauye sun fi farar shinkafa da mai da yaji nesa ba kusa ba. Wake ma idan aka jiƙa shi tun dare, ba ya cin gawayi da yawa. Ran da dole sai Indomie, to a yi amfani da rabin garin ɗanɗanon da ke ciki, domin gishiri ne jibge, a yanka kabeji da karas, a fasa ƙwai.

Kuɗin tara kuma, in da hali a mayar da shi abu: dafaffen ƙwai, gyaɗa, gwaba, yankan kankana, dabino biyu ko uku, da robar ruwa. Awara da ƙosai sun fi biskit amfani, sai dai suyayyu ne, ba na kullum ba.

Akwai wani abu a al'adarmu da sai mun faɗa wa juna gaskiya a kansa. Jariri ya yi ɓul-ɓul, sai a ce uwarsa ta iya raino. Har wasu kan sayo maganin ƙara cin abinci, ko ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, ba tare da likita ba. Wasu daga cikinsu kumbura fuska suke yi da tara ruwa a jiki, suna raunana garkuwar jiki, ba ƙiba ce ta lafiya ba. Abin da jariri ke buƙata shi ne nonon uwa zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kafin ya kai wannan lokaci, babu ruwansa da lemon kwalba.

Motsa jiki ba sai na tsawaita ba. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 a kullum yana guje-guje. Da can langa da 'yar gala-gala da tafiya gona sun wadatar. Yanzu wayar yaya ce a hannunsa, kuma sau da yawa mu ne yayyen da ke miƙa masa ita don ya ƙyale mu.

To idan ƙanenka ya riga ya yi jiki fa? Ba a gane ƙibar yaro da ido, kuma ba a amfani da ma'aunin manya. A kai shi asibitin sha-ka-tafi a auna tsayi da nauyi, a duba a jadawalin shekarunsa da jinsinsa. A lura da wuyansa da hammatarsa: idan fatar ta yi baƙi ta yi kauri, an goge da soso ta ƙi fita, ba dauɗa ba ce, tana iya zama alamar jiki ya fara gazawa wajen sarrafa sikari, kuma likita ya kamata ya gani. Haka ma minshari mai ƙarfi da yawan haki. Kada a hana shi abinci, domin yana kan girma, sau da yawa abin da ake so shi ne nauyin ya tsaya tsayi ya kamo shi. Kada kuma a ware masa kwano daban yana kallon 'yan'uwansa na shan lemo, sauyin na gida ne baki ɗaya, har da Baba da shayinsa mai cokali huɗu. Sunayen tsokana irin su Tulu da Buhu a daina, domin yaron da ake yi wa dariya daina fita wasa yake, ya koma ɗaki ya zauna.