Katin Barka na Kwali da Tawada

Ya kai mai nufin yi wa mai jego katin barka da hannunka, ka nemi kwali mai kauri, ka yanke shi bisa siffar 'yar riga ko takalmin jariri, sa'an nan ka manna masa farar takarda kafin alƙalami ya taɓa shi, domin kwali tsirara shan tawada yake yi kamar ƙasar rani, har zayyanar ta dushe. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da ƙaro, albarkacinta daban ne, amma ɗigon ruwa yana wanke ta. Ta kanti ta fi dacewa. Gurbin suna kuwa, ka bar shi fili sai liman ya raɗa ran bakwai.