Zuwa ga matasan bakin Kainji, a kan ɗan'uwanku zabiya

'Ya'yana na Yelwa, Wara, Shanga da duk ƙauyukan bakin ruwa.

Da ku zan yi wannan magana, don ku ne kuke aji ɗaya da zabiya, ku ke shiga jirgi ɗaya da shi ranar kasuwa, kuma daga bakin wasunku "Bature! Bature!" ke fitowa in ya gilma.

Jikin ɗan'adam yana yin wani sinadari da likitoci ke kira melanin. Shi ke ba fata da gashi da ido launi, shi ke kare fata daga rana. Jikin zabiya ba ya yin sa, ko kuma yana yin ɗan kaɗan. Gado ne, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ko da su biyun baƙaƙe ne wuluk. In an yi irin wannan haɗuwa, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da zabiya. Mijin da ya tsare matarsa da zargi bai san rabin abin daga jikinsa ya fito ba. Babu hannun aljanin ruwa a ciki, ba a kuma ɗauka ta cin tuwo kwano ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne rana. Tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968, har yau, abincinmu kamun kifi ne da noman shinkafa da albasa, duk aikin tsakar rana. Ruwa kuma yana maido da haske kamar madubi, wanda ke cikin kwalekwale yana gasuwa ta sama da ta ƙasa. Ku dubi ƙeyar zabiyan da ke zuwa su, ku dubi gefen kunnensa da leɓensa na ƙasa: ja, saɓa, ɗigo-ɗigo baƙi, wani wurin ya yi ɓawo. Mutanenmu sai su ce gishiri ne. A hana yaro gishiri a miya, sannan a tura shi ban ruwan albasa da azahar! Wannan ɓawon ne kan koma gyambon da ba ya warkewa, wato ciwon dajin fata, wanda ke kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun da ƙuruciyarsu.

Ga inda hannunku ya shigo. Idon zabiya yana rawa, haske yana kashe masa ido, ba ya ganin rubutun allo daga baya. Sai ya kai littafi dab da hanci, ku kwashe da dariya, malamin da bai sani ba ya ce daƙiƙi ne. Wata rana ya ƙi komawa makaranta, uba ya miƙa masa koma da filafili. Dariyar nan ce ta fitar da shi daga inuwa. Saboda haka ku bar masa bencin gaba, ku ara masa littafinku ya kwafa. In ya sa malfa da riga mai dogon hannu da baƙin tabarau, kada a ce yanga yake yi, magani yake sha. A gida ku yi musayar aiki da shi: ya ɗinke koma a gindin bishiya ko ya tsare rumfa, ku ku shiga ruwa. Kurjin da ya yi makonni bai warke ba a kai shi asibiti a Yelwa, in sun tura Birnin Kebbi ko Sakkwato a tafi, kada a tsaya shafe-shafe. Man kare rana yana da amfani, sai dai tsada. Malfa kuwa a kasuwarmu ake saƙa ta.

Kada ku ɗauka ba su da masu tsaya musu. Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabiyoyi a Nijeriya a 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu 13 ga Yuni, an kuma sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019. Salif Keita, mawaƙin Mali da ya zagaya duniya da muryarsa, zabiya ne, an haife shi a 1949 a Djoliba, bakin wannan kogi namu can sama. Duk wanda kuka ji yana raɗe-raɗin wai sassan jikinsu na kawo kuɗi, ku kai maganarsa ga mai gari. Irin wannan ƙarya ce ta jawo kashe-kashe a Tanzaniya.

Sai batun aure, tunda na san yana ranku. In zabiya ya auri wadda ba ta ɗauke da gadon, 'ya'yansu ba za su zo zabiyoyi ba. In kuma Allah ya kawo, ai yanzu kun san yadda ake renonsa.

Ku gaida iyayenku.

Kawunku