Ɗaukar Shatar Mota Domin Tafiyar Jama'a

Kaka ta wuce, rani ya shigo, lokacin tarurruka ke nan. Matan Zumunta za su babban taronsu, matasa za su nasu, ga kuma kai amarya. Mutumin birni ya kan fita tasha ya tarar da motoci jere, ya zaɓa. Mu kuwa da mu ke ƙauyukan ƙasar Malumfashi da Kafur da makamantansu, babbar mota ba ta kwana wurinmu, sai ran kasuwa mu ke ganinta. In tafiya ta taso mana tilas mu aika Funtuwa ko Zariya a ɗauko shata, watau a ɗauki mota ɗungum ta zama tamu har mu je mu komo. Darasin wannan wata a kan haka ya ke, gama wanda ya ɗauko wa jama'a mota ya ɗauki amanar rayukansu.

Mu fara da kuɗi, tun da shi ke nan gardama ta kan tashi. Mutane su kan ce, ai daga tasha kuɗin kujera kaza ne, don me na shata ya fi? Dalili ke nan: motar za ta zo garinmu wofi, in ta sauke mu kuma ta koma wofi, man da ta sha a wannan zirga-zirga a kanmu ya ke. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi ƙwarai. Har wa yau in muka sa tafiya ran wata babbar kasuwa, direba zai haɗa mana da cinikin da ya rasa. In da hali a kauce wa ranar.

Kada a gama ciniki ta waya. A aiki mutum biyu, ɗaya wanda ya san mota, ɗaya ma'aji. Su wuce 'yan kamasho su tafi ofishin ƙungiyar direbobi na tashar, domin in magana ta tashi daga baya a san ƙofar da za a buga. Su ga motar da idonsu, su rubuta lambarta. Mun taɓa ƙonewa a nan. Wata shekara aka nuna wa wakilanmu mota tsaf, ran tafiya da asuba sai ga wata dabam, ƙofarta ɗaure da igiya. Mata sun riga sun fito da kayansu, babu mai zuciyar cewa a fasa. Muka hau, muka yini a bakin hanya ana neman makanike, muka isa an yi rabin taro.

Mai duba mota ya sunkuya ya dubi taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. In ya ga 2321, mako na 23 ke nan na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗura, wadda aka kafa a 1988, ta kan gargaɗi mutane kada su yi aiki da tayar da ta wuce shekara 4, ko da zanenta bai cinye ba, gama roba ta kan bushe, zafin kwalta na watan Maris kuwa ba ya raga mata. Ya nemi ganin safaya da jak da abin kashe gobara, da lasin direba da takardar inshora. Ya tambayi na'urar ƙayyade gudu, wadda aka tilasta wa motocin haya tun 2017. Direban kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi fushi ya riga ya ba mu amsa.

Sa'an nan a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Kuɗin na zuwa da komowa ne? Wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin tasha? Direba zai jira mu kwana uku, ko zai tafi ya dawo, in zai jira kuma wa ke ciyad da shi? In mota ta lalace a hanya, wa zai kawo wata? Kafin alƙalami, a ganinmu, kada ya wuce rabi.

Yanzu ga inda mu ke so mu daɗe. A ce mun yi cinikin bas mai ɗaukar mutum 18 a kan naira 180,000. Kowa zai ba da 10,000. Ana jibi tafiya mutum uku suka fasa, saura 15, kuɗin kowa ya koma 12,000. Nan gunaguni ya kan fara, nan kuma ma'aji ya kan shiga neman cike gurbi ko ta ƙaƙa. Maganinsa shi ne a karɓi kuɗi tun da sauran mako biyu, a kuma faɗa a fili cewa wanda ya fasa sai ya kawo madadinsa.

Amma abin da ya fi wannan haɗari shi ne ran da mutane suka yi yawa. Da asuba sai ga matar wani dattijo da ƙullin kayanta, ba ta rubuta suna ba, wa zai iya ce mata ta koma? Sai a ce a matsa. Bayanta ga wasu biyu. Ga buhun masara na gudummawar taro, ga tukwane da tabarmi an ɗaure a bisa. Direba ba zai hana ba in an ƙara masa wani abu. Mota mai kaya fiye da ƙima ba ta tsayawa inda birki ya ce ta tsaya, tayarta kuma ta fi saurin fashewa. Kunya ce ta ke cika mana mota, ba mugunta ba, amma kwalta ba ta san kunya ba. Saboda haka a ba mutum ɗaya takardar sunaye, Ekklesiya ta tsaya bayansa, a sanar tun ran Lahadi cewa in kujeru sun cika sun cika. In mutane sun kai 25, a nemi babbar bas irin Coaster, ko a ƙara ƙaramar mota ta ɗauki kaya da ragowar mutane.

Kada mu matsa wa direba ya kwana yana tuƙi don mu tsere wa kuɗin kwana ɗaya. Ran 31 ga Mayu 2025 motar 'yan wasan Jihar Kano da ke komowa daga gasar ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa daga gada a wajen Dakatsalle, a kan hanyar Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, saura kaɗan su isa gida. Hukuma ta ambaci gajiya da gudu. Direba ya huta bayan kowace awa 4, in tafiyar ta yini guda ce a nemi direba na biyu. Shugaban tafiya ya zauna gaba, kada ya yi barci, in gudu ya yi yawa ya yi magana da ladabi tun da wuri.

Takardar sunaye a yi ta biyu, da lambar wayar wani na gida a gaban kowane suna. Ɗaya ta bi mota, ɗaya ta zauna wurin mai bishara. Lambar kiran hukumar kiyaye haɗura 122 ce. Duk inda aka tsaya shan ruwa a ƙidaya mutane kafin a tashi, yara musamman. Sauran kuɗin direba kuwa ma'aji ya riƙe shi, sai an sauke mutum na ƙarshe a ƙofar majami'a.