Tafintan kwamfuta da gargaɗinsa

A kasuwar Diffa ana jin Barbarci, ana jin Hausa, ana jin Fulatanci da Tubanci. In mai saye da mai sayarwa ba su jin harshen juna, sai su nemi tafinta.

Kwamfuta ma tana bukatar tafinta. Ita ba ta san komi ba sai 0 da 1. Mutum kuwa yana rubuta umurninsa da wani harshe, kamar harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka a 1972. Tafintan nan ba mutum ba ne, manhaja ce. Wani sanannen tafinta sunansa GCC. Richard Stallman ya fitar da shi a 1987.

Amma tafintan nan yana da wani hali. In jimla ta bi ƙa'idar harshe, sai ya juya ta, ko da mai rubutu ya yi kuskure.

Ga misali. Wani ɗalibi yana rubuta manhajar ƙidayar buhunan tattasai na manoman bakin Komadugu. Yana so kwamfuta ta tambaya: «Buhuna 100 ne daidai?» A harshen C, alamar wannan tambaya ita ce ==. Sai ya manta, ya rubuta = guda ɗaya. Wannan kuwa umurni ne: «Mai da su 100!» Manomi ya kawo buhu 130, an rubuta masa 100. Buhu 30 sun ɓace, tafinta bai ce uffan ba.

Da ɗalibin ya buga gcc -Wall, da tafinta ya yi gargaɗi, ya nuna masa layin. Wanda ya ƙara -Wextra zai sami ƙarin gargaɗi. Da -Werror kuwa, tafinta ya ƙi aiki ke nan sai an gyara. Mutum mai mantuwa ne, shi ya sa ake rubuta kalmomin nan sau ɗaya cikin takardar Makefile, a layin CFLAGS.

Manya ma suna tuntuɓe. A 2014 an gano layi ɗaya da aka rubuta sau biyu cikin manhajar Apple, har ya raunana tsaron wayoyin iPhone a intanet. A 2016 aka ƙara wa -Wall na GCC gargaɗin da ke kama irin wannan layi.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin tafintan kwamfuta?
2. Ina bambancin = da ==?
3. In manomi ya kawo buhu 85, nawa manhajar ɗalibin za ta rubuta masa?