Shirun Sarki Dawuda da Rushewar Gidansa

Karatu: 2 Sama'ila sura 11 zuwa 18, Matiyu 18:15-17, Luka 15:11-32

Da wuya a sami majami'a ɗaya a wannan dayosis wadda babu gidan da ya tsage a cikinta. Akwai wa da ƙane da suka daina gaisawa saboda gonar gado, akwai mata da miji da suke kwana a gida ɗaya amma ba sa ga maciji, akwai kuma iyayen da ɗansu ya tafi birni da fushi har yau ba labari. Darasinmu na wannan wata zai kai mu gidan Sarki Dawuda, domin mu ga yadda zunubi ya shiga, da abin da ya ba shi wurin zama, da kuma inda begenmu yake.

1. Zunubin da aka gafarta

A lokacin da sarakuna sukan fita yaƙi, Dawuda ya aiki Yowab da sojoji su kewaye Rabba, shi kuwa ya zauna a Urushalima. Daga kan soro ya hangi Batsheba matar Uriya Bahitte, ya aika aka kawo ta. Da ta ɗauki ciki, sai ya nemi rufe laifin da dabara. Da dabara ta ƙi, ya rubuta wasiƙa a sa Uriya a wurin da yaƙi ya fi zafi, Uriya kuwa shi ya kai wasiƙar da hannunsa. Sha'awa ta haifi zina, zina ta haifi ƙarya, ƙarya ta haifi kisankai.

Allah bai yi shiru ba. Ya aiko annabi Natan da misalin attajiri mai garke da yawa wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, sa'an nan Natan ya nuna masa cewa kansa ya hukunta. Nan take sarki ya amsa laifinsa, annabin kuma ya sanar da shi cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa. Daga wannan tuba ce al'adar Ikilisiya take danganta Zabura ta 51, wadda muke rerawa a lokacin Azumi. Amma Natan ya kuma faɗa masa cewa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Gafarar Allah tabbatacciya ce, duk da haka ɓarnar da zunubi ya yi a tsakanin mutane tana nan tana jiran gyara. Shi ya sa a Sakramentin Tuba, bayan mun furta zunubanmu, Fada yakan ba mu aikin tuba, Ikilisiya kuma tana koyar da cewa wanda ya ci dukiyar wani ko ya ɓata masa suna, wajibi ne ya mayar.

2. Shekaru bakwai na shiru

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amnon, ɗan farin Dawuda, ya yi ƙaryar ciwo, ya sa aka aiko masa da Tamar 'yar'uwarsa ta uba ɗaya, ya yi mata fyaɗe, ya kore ta. Sura ta 13 ta ce sarki ya ji labarin, ya husata ƙwarai. Iyakar abin da ya yi ke nan. Bai kira Amnon ba, bai share wa Tamar hawaye ba. Wataƙila bakinsa ya yi nauyi domin ya tuna da nasa laifin. Absalom, wanda suke ciki ɗaya da Tamar, ya ce mata ta yi shiru, ta zauna a gidansa cikin baƙin ciki. Shi ma ya kame bakinsa, ba ya ce wa Amnon uffan.

Mu ƙidaya shekarun tare. Shekara 2 Absalom yana riƙe da maganar a ciki, har ranar bikin sausayar tumaki ya sa barorinsa suka kashe Amnon. Shekara 3 yana gudun hijira a Geshur wurin kakansa Talmai, uban kuwa yana marmarinsa amma bai aika ba. Da Yowab ya yi dabara ta bakin wata mace mai hikima daga Tekowa aka dawo da shi, sai ya ƙara shekara 2 a Urushalima ba tare da an bar shi ya ga fuskar mahaifinsa ba. Sai da ya sa wa gonar sha'ir ta Yowab wuta kafin aka kai shi gaban sarki. Dawuda ya sumbace shi, amma Nassi bai nuna mana cewa sun taɓo zancen Tamar ko na Amnon ba. An rufe ƙurji da tsumma ba a matse shi ba.

Ƙarshen labarin mun san shi. Absalom ya sace zuciyar jama'a, ya naɗa kansa sarki a Hebron. Dawuda ya gudu daga birninsa, ya haye rafin Kidron, ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi yana kuka. A kurmin Ifraimu Absalom ya maƙale a itacen oak, Yowab ya kashe shi. Sarki ya hau bene a kan ƙofar gari yana kiran sunan ɗansa, yana cewa da ma shi ne ya mutu a madadinsa. Ƙaunar tana nan tun farko, amma ba ta sami baki ba sai da mai jin ta ya mutu. Littafin Sarakuna na Ɗaya 1:6 ya ƙara gaya mana cewa wani ɗan nasa, Adonija, bai taɓa jin tsawa daga mahaifinsa ba. Itace kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Abin da Yesu yake nema wurin almajiransa

A ƙasarmu muna daraja kunya da kawaici da rufin asiri, kuma halaye ne masu kyau. Amma sau da yawa mukan sa wa tsoro rigar haƙuri. Mukan ce wa yarinyar da aka ci wa mutunci ta yi shiru kada sunan gida ya ɓaci, wanda ya cuce ta kuwa yana yawo kansa a sama. Wannan shirun Dawuda ne. Wanda aka cuta a cikin gida yana da hakkin a saurare shi, a kai shi asibiti, a kare shi, a kuma kai ƙarar mai laifi gaban hukuma. Dokar Ikilisiya ta 1983, a sashe na 1153, ta yarda mata ko miji su raba wurin zama idan akwai babban haɗari ga rai ko jiki, nasu ko na 'ya'ya, ko da yake igiyar auren tana nan.

Ubangijinmu ya shimfiɗa mana hanya a Matiyu sura 18. Idan ɗan'uwa ya yi mana laifi, mu fara samunsa mu kaɗai da shi. In ya ƙi ji, mu tafi da mutum ɗaya ko biyu. In ya sāke ƙi, sa'an nan a sanar da ikilisiya. Mu lura cewa wanda aka yi wa laifin ne aka ce ya tashi. A Matiyu 5:23-24 kuma, wanda ya yi laifin ne aka ce ya ajiye baikonsa a gaban bagade ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Ashe babu wanda aka ba izinin zama yana jiran ɗayan. Zumunta a ƙafa take. Uban da ke cikin misalin ɓataccen ɗa ya fita sau biyu a rana ɗaya: ya sheƙa a guje ya tarbi ƙaramin, ya kuma bar biki ya fita ya lallashi babban. Abin da Dawuda ya kasa yi cikin shekara 7, wannan uba ya yi shi kafin tuwo ya huce.

Majalisar Vatikan ta Biyu ta kira iyali ikilisiya ta cikin gida. Taron Bishof-bishof na Afirka da aka yi a Roma a 1994 ya ɗauki siffar Ikilisiya a matsayin Iyalin Allah, Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na II kuma ya tabbatar da haka a takardar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995. Idan mu iyali ne, to, gidan maƙwabcinmu da ya tsage namu ne. Katikis, da dattawan majami'a, da Zumuntar Mata Katolika, da iyayen baftisma, su ne Natan na yau. Su je da hikima irin tasa, su faɗi gaskiya a asirce, kada maganar ta zama ta bakin rijiya. Waɗanda aurensu ya mutu kuwa 'ya'yan Ikilisiya ne har yanzu. Wanda aka saki bai sāke aure ba, sakin kaɗai ba ya hana shi karɓar Jibin Ubangiji. Wanda al'amarinsa ya rikice, ya je ya ga Fada, kada kunya ta tsare shi a gida.

4. Begenmu

Matiyu ya buɗe Bishararsa da jerin kakannin Yesu, bai kuma ɓoye cewa Sulemanu ɗan matar Uriya ne ba. Daga cikin wannan rusasshen gida Allah ya fito da Mai Ceto. A daren da aka bashe shi, Yesu ya haye rafin Kidron ɗin nan da kakansa ya haye da kuka, kamar yadda Yohanna 18:1 ya nuna. Dawuda ya yi fatan mutuwa a madadin ɗansa mai tawaye, bai iya ba. Ɗan Dawuda kuwa ya mutu a madadinmu, mu masu tawaye, ya kuma tashi. Saboda haka kada kowa ya ce gidansa ya wuce gyara. Muddin ɗan'uwanmu yana numfashi, ƙofa a buɗe take.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Wa muke ba hannun salama a Misa alhali mun daina gaishe shi a gida?
(b) Yaya za mu bambanta haƙuri na gaskiya da shirun tsoro?
(c) Wane gida ne ƙungiyarmu za ta ziyarta kafin ƙarshen wata?

Addu'a

Ya Uba mai jinƙai, kai da ka aiki Natan wurin bawanka Dawuda, ka buɗe bakinmu ga gaskiya, ka sa ƙafafunmu a hanyar sulhu. Ka share hawayen waɗanda aka cuta a cikin gidajensu, ka komo da waɗanda suka tafi. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Maryamu Uwar Allah da Yusufu mai tsarki, ku yi addu'a domin iyalanmu.